Na'urar da Barau Ya Ƙi Sa wa Hannu

Barau ya iso Birnin Tudu da hantsi, ya tarar har an ɗaure wa mahaifinsa kaya. Malam Bube yana zaune a zaure cikin rigarsa ta salla, wadda ta yi masa yawa tun da ciwon daji ya ramar da shi.

Likitan Talata Mafara ya ce ba za a san inda ciwon ya yaɗu ba sai an ɗauki hoton PET. Barau kuwa aikinsa ke nan a wani asibitin Kudu, gwada na'urorin hoton cikin jiki kafin a fara kwantar da mutane. An kawo musu sabuwar na'urar PET, shi ya sa ya yi alkawarin zuwa ya tafi da tsohon.

Bayan sun gama gaisawa, yayarsa Larai ta leƙo ta ce, "Yaushe za ku kama hanya?"

Ya sunkuyar da kai, ya gaya musu. Akwai wata roba mai siffar ƙirjin mutum da ake cikawa da ruwan magani, da ƙwallaye manya da ƙanana a cikinta, a ɗauki hotonta. Da ya gwada sabuwar na'urar da ita, manyan sun fito sarai. Ƙananan, masu girman gujiya, ko alamarsu babu. Ya sake gwaji, bai canza ba. Sai masu gyara sun zo daga waje, kuma ba su sa rana ba.

"To wa ya hana a yi aiki da na'urar?" in ji Larai.

"Ni ne, Adda. Ban sa hannu ba."

"Kai? Ubanka na kwance?"

"In an ɗauke shi da ita, tana iya cewa lafiyarsa lau, alhali abin yana nan."

Larai ta koma ciki tana kuka. Malam Bube ya ce, "Allah shi yi maka albarka. A kwance kayan ga. Kai ni bakin kwata in ga shinkafata."

Barau ya tallafe shi har gonar da kwatar ruwan madatsar Bakolori ke bi. Tsohon ya duba, ya ce ciyawa ta yi yawa.

Masu gyara ba su zo ba sai bayan girbi. Ƙwallayen suka fito duka, Barau ya sa hannu, ya buga waya gida. Larai ce ta ɗauka. Ta ce Baba ko zama ba ya iyawa yanzu, balle mota.