Amshin Iya Fanna

"Baba, matso da bakinka kaɗan. A'a, ban ce ka haɗiye shi ba! Bar tazarar tafin hannu."

Baba Umara ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari. Na tsaya ina kallon ƙasusuwan ƙirjinsa suna hawa da sauka har ya lafa. A ɗakinsa muke da hantsi. Na riga na rataye bargo a taga, na kori kajin gidan zuwa zaure, na sa wa makirufo biyu safa don kada iskar baki ta buge su. Ɗaya na gabansa a bakin gado, ɗayan na kafa shi a kan tabarma, inda matarsa Iya Fanna za ta zauna.

Ni Adila, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a nan Haɗeja, kuma aikina haɗa shirin mata a gidan rediyo. Ina da wani ɗan akwati da bai kai kwanon sha girma ba. Ƙofa biyu gare shi, kowace da makirufonta da abin murɗawarta da 'yar fitila mai nuna kore in murya ta yi daidai, ja in ta yi yawa. Shi ke ɗaga murya kafin ta shiga kwamfuta. Layi na ɗaya na mai bayar da waƙa, layi na biyu na mai amshi. Tun ina yarinya nake jin su ta katanga, shi yana bayarwa ita tana amsawa, waƙar da suke yi a kwalekwale in sun taso daga kamun kifi a fadamar Auyo, suna ratsa kacalla, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, da kansa ya aika aka kira ni, ya ce yana so a ajiye waƙar nan da muryarsu su biyu.

"To Baba, ɗan gwada min inda ka fi ɗaga murya."

Ya gwada. Na murɗa, fitilar ba ta motsa ba. Na ƙara, shiru. Sai da na kai abin kusan ƙarshe sannan koren ya fara ƙyaftawa. Wallahi zuciyata ta karye a wurin. Mutumin da in ya buɗe baki a gayyar yankan shinkafa ake jinsa daga wancan ƙetare, wanda a da in na ɗauki muryarsa sai na rage masa don kada ja ta kama muryar ta fashe, yau shi nake yi wa ƙari. A hedifon da ke kunnena ina jin har ƙarar numfashinsa, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba. Saura Iya."

Na leƙa tsakar gida. Tana gaban murhun bandarta, ta juya mana baya, tana juya tarwaɗar da ba ta isa juyi ba.

"Iya, an gama shiri. Ki wanke hannu ki zo."

"Ban zuwa."

"Haba Iya, jiya fa kin ji da kunnenki ya ce..."

"Na ji. Ni ban ce ba." Ta juyo, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, ko kuma ba hayaƙin ba ne. "Ke yarinya ce, Adila. Kifin da aka fid da rai da shi ake bandawa. Mai rai kike so ki kyafe wa murya ki ajiye? In na zauna a tabarmar nan na yi sallama da Malam ke nan. Ya warke mu yi ta a ruwa, inda muka saba."

Ni dai kowa ya san ba ni da haƙuri. Na ce mata shugabanni ma ana ɗaukar muryarsu ba su mutu ba, na ce ni kullum tawa na cikin rediyo ga ni nan daram har da ƙiba. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da zumunci. Ko gezau. Raina ya ɓaci sosai, har na ce a zuciyata wannan tsohuwa da taurin kai take kamar jakin da ya ga gada.

Na koma ɗaki ina huci. Baba Umara ya ji komai.

"Ƙyale ta, 'yar nan. Fanna ba a tura ta, sai ta ga dama take tasowa. Kunna abinki. Zan bar mata wurinta, in ta huce ta cike. Ai kin ce ana iya haka?"

"Ana iyawa. Layinta daban ne."

"To bismillah."

Na danna. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa yana motsa shi kamar mai tuƙi.

"Ruwa ya janye daga Auyo..."

Sai ya yi shiru. Kansa na kaɗawa, leɓensa a rufe, yana jin amshin a cikin kansa. Da ya ƙare masa, ya ɗora.

"Kacalla ta tare mana hanya..."

Ya sake yin shiru. Haka ya yi ta yi, baiti da gurbi, baiti da gurbi. Idona na kan fitilarsa, hannuna na kan abin murɗawa, in muryar ta nutse in ɗan tallafa mata. Makirufo na biyu na tsaye a tabarma da safarsa, ba kowa a gabansa. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ana cikin wani baiti tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba. Na ba shi ruwa, ya kurɓa, ya ɗaga min hannu.

"A tsaya nan. In na ji ƙarfi ma ƙarasa."

Na naɗe wayoyina. Da zan fita na wuce Iya Fanna ko sallama ban yi mata ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Ƙarfin bai zo ba. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ledar magani. Kullum in na leƙa yana kwance, ita tana zaune a gefen ƙafafunsa tana masa fifita. Ba wanda ya sake tayar da maganar waƙa.

Ran wata Laraba da safe ina wanke-wanke sai na ji salati ta katanga, muryarta, ba da ƙarfi ba. Na saki kwano na fita ko mayafi ban gyara ba. Na same shi a miƙe, ta riga ta rufe masa ido ta ja masa zane. Kofin kunu na ajiye a ƙasa yana tururi.

"Iya..."

"Ya tafi, Adila." Ta kama hannuna ta matse. "Da asuba na ce masa na yarda. Na ce a kira ki a ƙarasa. Ya yi murna, ya ce in leƙa in kira ki. Na ce bari in dama masa kunu tukuna ya sami ƙarfin murya. Kunun nan ne ya tsayar da ni."

Na durƙusa na rushe da kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri. Kafin azahar masunta sun cika layinmu, wasu daga Auyo, wasu daga Kirikasamma, da laka a ƙafafunsu. Aka kai shi.

Duk tsawon takabarta ina shiga in gaishe ta, in kai mata abin da ya sawwaƙa. Ban taɓa buɗe waƙar ba, ko ni kaɗai. In na ga sunanta a kwamfuta sai in kau da kai. Na ɗauka maganar ta bi shi kabari, kuma na ji haushin haka ƙwarai, sai dai ban san wa zan ji haushi ba.

Bayan ta fita takaba, ran nan da la'asar sai na ji ta ta katanga.

"Adila, akwatin nan naki yana nan?"

Na kwashi kaya na shiga. An ɗauke gadon, ɗakin ya yi faɗi. Na rataye bargo, na kafa makirufonta, na soka shi a layi na biyu.

"Ina na Malam?"

"Iya, nasa ya riga ya shiga. Ba sai an kafa ba."

"Kafa shi."

Na kafa shi a inda ta nuna. Ta ja tabarmarta ta koma bayansa kaɗan, ta ce a kwalekwale ma a baya take zama, ba ta taɓa yi masa amshi tana kallon fuskarsa ba. Na matsar mata da nata. Na ce ta gwada murya. Tana buɗe baki ja ta kama, na yi sauri na rage. Ashe muryar tsohuwar nan na nan garau. Na saita ta a kore, na ɗora mata hedifon a kan ɗankwali, ni ma na sa nawa.

"In kin ji shi kada ki firgita, Iya. Kamar yana kusa za ki ji."

"Kunna."

Na danna. Numfashinsa ya fara zuwa, sannan muryar.

"Ruwa ya janye daga Auyo..."

Ta zabura, ta dafe ƙirji. Gurbin farko ya wuce ba ta ce komai ba. Na kai hannu zan tsayar, ta girgiza min kai.

"Kacalla ta tare mana hanya..."

"Tuƙa mu je gida," ta amsa.

Tana rufe baki yana ɗorawa. Ban taɓa komai ba, ban matsar da komai ba. Kowane gurbi daidai tsawon numfashinta ya bar mata, har inda take jan ƙarshen kalma. Hawaye na zuba a fuskarta amma muryar ba ta yi rawa ba. Ta rufe ido, jikinta na kaɗawa gaba da baya. Ni kuwa da gefen mayafi nake share allon kwamfuta, ina zaton shi ne ya yi hazo.

"Magariba ta kusa, Fanna..."

"Tuƙa mu je gida."

"Na hango hayaƙin..."

Tari. Sai ƙarar kofi, sai shiru. A nan na tsayar da ɗauka a waccan ranar.

Ta ja numfashi ta riƙe, tana jiran ya ƙarasa baitin. Ta jira. Ta karkata kai wajen makirufonsa.

"Ƙara masa, 'yar nan. Ba na jin sa."

Na san ba sauran komai a layinsa. Na kama abin murɗawar hedifon na murɗa a hankali har ya tsaya, ba sauran inda za shi. Ba abin da ke zuwa sai shuuu.

Iya Fanna ta sa hannu biyu ta danne hedifon a kunnuwanta, ta sunkuya gaba, bakinta a ɗan buɗe.