Kunnen da Ke Bayan Labule

Shekara biyu ke nan kunnen Muttaka yana mutuwa a hankali, kuma duk Birnin Gwari matarsa Muslimat kaɗai ta sani. Bakanike ne na tsofaffin babura masu shan fetur gauraye da baƙin mai, waɗanda da kunne ake saita musu wuta. Duk ranar da aka gane ba ya ji, ranar sana'arsa ta ƙare.

Sai suka yi dabara. A ƙofar gida yake aiki, ita tana zaure bayan labule. In wuta ta yi gaba, injin yana ƙwanƙwasa kamar tsakuwa a gwangwani, ta ja labulen dama. In ta yi baya, injin ya yi nauyi, ta ja hagu. Ya Allah, wace wasiƙar soyayya ce ta kai wannan labulen?

Ran nan Bakoji, wani dattijon makiyayi, ya turo babur ɗinsa tun daga Randagi.

"Maigida, a fili doki ne, a hawa jaki. Makanikai uku sun ci kuɗina!"

Muttaka ya kwance kusoshin farantin wuta, ya murɗa shi kaurin farce, ya ɗaure, ya tayar. A ƙasa injin ya yi daɗi. Da ya ja maƙura sai labule ya yi dama. Ya mayar rabin farce. Hagu. Zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya san kuskure kaɗan zai huda fistan, zuciyar injin, a tsakiyar daji. Karo na biyar labulen bai motsa ba.

Bakoji ya haye tudun bayan gari ya dawo, rawaninsa a kwance, yana dariya.

"Ka iya, wallahi! Amma sau uku na yi maka magana ba ka waigo ba. Labule kake kallo."

Muttaka ya karanci maganar a leɓensa, ya sunkuya ya goge hannu. Sannan ya ɗaga kai.

"Hannun nawa ne, Baffa. Kunnen na uwargida ne."

Muslimat ta saki labulen.

Bakoji ya juya wajen zaure, ya ɗaga murya: "Sannu da aiki, 'yata! Ranar kasuwa babura huɗu za su zo daga rugarmu. Kar ki je unguwa."