Fitilar Bakin Bindiga

Tun da aka ɗauke ƙanensa Faruk a gona, Kalilu ya fara yawo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga. Wani abokin fataucinsa ne ya kawo masa ita daga Nijar cikin buhun taliya. Kalilu ya gwada ta a bayan gari, ya ga tana tashi, ya soke ta a ƙugu.

An riga an kai wa mutanen daji abin da suka nema. Sun ce za su sako shi, ba su ce yaushe ba. Da ma ba sa faɗa. Sukan saki mutum ne a tsakiyar daji, ya nemi gida da ƙafa, ya ɓullo ta cikin dawa sanye da tsumman da suka ba shi. A wani ƙauye gabas da Kamarawa, wani da aka sako ya iso bayan gidansu gari bai waye ba. Masu gadi suka ga inuwa tana motsi, suka harba. Sai da haske ya fito aka gane shi. Kalilu ya je ta'aziyyar, aka shafa fatiha, ya hau babur ya dawo.

A gidansu shi ne ke gadin bayan gida, inda dawa ta tsaya daf da danga.

Ranar kasuwar Sabon Birni ya shiga shagon Wakili, tsohon abokin mahaifinsu, mai sayar da tocila da batir da fitilun sola.

"Ɗan Abdulgani. Ina labarin ƙanen naka?"

"Muna jira, Baba."

"Allah shi kuɓutar da shi. Wancan yaro bai taɓa shigowa nan bai yi min hwaɗa kan batir ba. Wai nawa ba su jimawa."

Haka Faruk yake a gida ma. Yakan bi ɗaki ɗaki yana kashe duk tocilar da aka bari a kunne, yana mita.

"Hitila nika so," in ji Kalilu. "Irin ta bakin bindiga."

Wakili ya dubi fuskarsa, sannan ya dubi gefen rigarsa.

"Ta hwarauta ko ta aljihu?"

"Ta aljihu."

Tsohon ya tashi ya ja ƙyauren shagon. Hayaniyar kasuwa ta koma nesa, duhu ya cika wurin. Ya lalubo wani kwali a ƙarƙashin tebur.

"Hidda harsashin tukuna. Ina da mata da ɗiya."

Kalilu ya fidda, ya ajiye kan tebur.

Ta farko doguwa ce mai nauyi. Da Wakili ya ɗaura ta ya kunna, shagon ya yi fari fat, har kiyashin da ke bin bango ana gani.

"Wagga har ƙetaren gulbi taka kai."

Kalilu ya kashe, ya soke bindigar a ƙugu, ya saki riga. Rigar ta yi tozo. Ya gyara, ta sake yin tozo a wani gefen.

"Sai ka ce ka sato taɓarya," in ji Wakili. "In mutanen daji sunka tare hanya sunka ga wanga, ba su tsayawa tambaya."

Ɗayar gajera ce, ba ta wuce bakin bindigar ba. Makunninta yana nan kusa da kunama, inda yatsa zai taɓa ba tare da an saki riƙo ba. A ƙarƙashin riga ba ta nuna komai.

"Je ka tsaya can, Baba."

Wakili ya je ƙuryar shagon ya tsaya tsakanin kwalaye. Kalilu ya ɗaga, ya danna. Hasken bai da ƙarfi, amma ya kawo fuskar tsohon, da furfurarsa, da tsagar Gobirawa a kumatunsa.

"Ka gane ni?"

"Na gane ka."

"To ni ban gane ka ba. Haske ɗai nika gani, kuma na san inda za ni harbi. Ka kuma lura, kahin ka ga mutum ka riga ka auna shi. Mi zai hana ka riƙe tocila ta gida ga hannun hagu?"

"Na gwada. Hannun ba ya tsayawa."

 Wakili ya buɗe ƙyaure, ya ɗaure masa batir na ƙari a leda.

Bayan haka Kalilu ya haska akuya, ya haska jakin maƙwabci, ya haska Inna za ta alwalar asuba. Kowane lokaci yatsa ya danna, fuska ta fito, ya sauke hannu. Sai Inna ta koma yin alwala a ƙofar ɗakinta.

Gero ya nuna. Wata rana bayan azahar yana gona shi kaɗai yana yanka, ya ji kara na karyewa a cikin dawar maƙwabci. Wani mutum ya fito. Yana sanye da yagaggiyar riga mai zanen soja irin ta mutanen daji, da ƙazamin rawani a wuya. Ba takalmi. Ƙasusuwan fuskarsa duk a waje, leɓɓansa sun tsattsage, gashi ya cinye haɓa.

Hannun Kalilu ya yi abin da ya saba. Bindiga ta fito, yatsa ya danna. Rana tana tsaka, hasken bai wuce wani ɗan tabo mai ruwan toka a ƙirjin mutumin ba.

Ya dubi fuskar. Ya dube ta da kyau, ido da hanci da goshi, babu abin da ya ɓoyu. Bai san ta ba. Yatsansa ya sauka daga makunni ya kwanta kan kunama.

Mutumin ya tsaya. Ya dubi tabon da ke ƙirjinsa.

"Yaya, rana ta. Kashe hitila, kana ƙone batir."

Kalilu ya kashe. Bindigar dai tana nan a miƙe, sai da Faruk ya tako ya tura bakinta ƙasa da yatsa biyu.

"Akwai ruwa?"

Kalilu ya miƙa masa gora. Ya sha, ya zauna, ya sake sha. Ya dubi zangarniyar da aka tara, ya ce geron bana ya yi.

Suka kama hanyar gida. Faruk a gaba yana ɗingishi, Kalilu a baya yana kallon ƙeyarsa, yana neman wani abu da ya sani a jikinta.