Abin da Aka Gaya wa Yaya

Ranar da yatsu biyu na ƙafar Huseina ta hagu suka yi baƙi, ba ta nemi shawarar kowa ba. Daga makarantar da take koyarwa a Fagge ta hau adaidaita zuwa asibitin Sabon Gari inda aka ɗauki hoton ƙafar bara.

Likita Onyekachi ya buɗe fayil ɗinta, ya cire tabarau.

"Malama, me ya hana ki dawowa? Wata goma sha ɗaya ke nan."

"Ce mini aka yi sanyi ne."

Sai ya yi mata bayani a tsanake. Akwai wata jijiyar jini mai bi ta bayan cinya, wadda kan ɓace tun jariri yana ciki. Tata ba ta ɓace ba, ita ce ma ke kai wa ƙafar jini. Ta kumbura a ƙasan ƙugu, tana sakin gudajin jini suna toshe yatsu. Da an yi tiyata bara, an rufe kumburin, an ɗinka wa jinin wata hanya, da ba a zo nan ba.

"Duk na gaya wa yayanki. Ya ce a gidanku ba a faɗa wa marar lafiya irin wannan magana kai tsaye, shi zai lallaɓa ki."

Ta tuna ranar. A benci aka bar ta, Yaya Abdulrauf ya shiga shi kaɗai, ya fito da murmushi. Sau uku bayan haka ya aiko mata da mai ƙaho.

Ta kira shi a waya. Ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya zo yana haki.

"Haba, Huseina! Tausayinki na ji. Ke da ko allura kike gudu? Yanka fa suka ce! Na ce a gwada na gida tukuna, Allah ne mai warkarwa."

"Shi ne, Yaya. Shi kuma ya ba ni amanar ƙafar nan. Ni ya ba, ba kai ba."

Likita ya ajiye takardar amincewa a tebur. Ƙafar za ta tsira in an gaggauta, amma yatsun biyu sai an cire su. Abdulrauf ya miƙa hannu ga biro, kamar yadda ya saba tun rasuwar mahaifinsu. Huseina ta janye takardar gabanta, ta yi bisimilla, ta sa hannu.

"Saura nan," in ji likita. "Sunan wanda za mu riƙa yi wa bayani."

Ba ta dubi yayanta ba.

"A bar wurin haka."