Uban Sabuwar Nas

Ranar da aka kira 'yata aka ce ta samu aikin nas a wani asibiti mai nisan yini guda a mota, ni kaɗai ne ban yi murna ba. To, ni da maƙwabta. Su dalilinsu a fili yake. Tun da ta gama makaranta falona ya zama asibitin unguwa, kowa ya zo da hannun riga a naɗe, a auna masa jini kyauta, ya sha shayina ya tafi.

"Yaya, kada ka yarda," in ji ƙanwata, tana miƙa wa yarinyar damtse. "Wa zai riƙa duba mu... wa zai riƙa duba ta a can?"

Ita kuwa yarinyar cewa ta yi, "Baba, in ka ce in zauna, zan zauna." Gara a ce gardama ta yi mini.

Na ce sai na gani da idona. Na hau mota na tafi, ban faɗa wa kowa a can ko ni wane ne ba. Na zagaya ɗakunan ma'aikata, na girgiza ƙyaure, na murɗa famfo. Sakatar ƙofar ko akuya ba za ta tare ba. Raina ya yi fari, na samu hujja.

Saura in ga wurin aikin. Na zauna a bencin marasa lafiya, na dafe ƙugu kamar mai ciwon baya. Layi har bakin ƙofa, nas kuma guda ɗaya, wata dattijuwa da suke kira Sista. Ita ce allura, ita ce wankin ciwo, ita ce tsawata wa masu tsallake layi.

"Kullum haka ne?" na tambayi wani tsoho mai kumburarriyar ƙafa.

"Ai an ba mu sabuwar nas," in ji shi. "Ubanta ne ya hana ta zuwa."

Na gyara zama.

"An ce wani ƙaton attajiri ne," in ji wata mai goyo. "Wai ita ke matsa masa ƙafa."

"Ni na ji ko gaisuwa ba ya amsawa," in ji na bayana.

Ni da ke bin mutane da gaisuwa har su gaji!

Tsohon ya zungure ni. "Malam, kai fa? Me za ka ce da irin wannan uba?"

"To... wataƙila tsoro yake ji. Ka san ɗiya mace."

"Mu 'ya'yan itace ne?" in ji mai goyon. "Allah ya ɗora masa ciwon da zai sa shi bin layi irin wannan!"

Benci gaba ɗaya ya ce amin. Suka zuba mini ido. Na ce amin, a hankali dai.

Da layi ya zo kaina, Sista ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta sake dubawa. "Baba, bayanka ƙalau. Jininka ne ya hau. Me ke damunka?"

"Tafiya ce."

"Ka dawo mako mai zuwa a sake aunawa. Sabuwar nas za ta gan ka, in uban nata ya ga dama."

Wato addu'ar har ta fara ci.

Da na dawo gida na tarar da falo cike, kowa da damtse a waje. Na kira yarinyar na ce ta haɗa kayanta.

"Yaya!" in ji ƙanwata. "Me ka gani a can?"

"Mutanen kirki ne. Akwai su da addu'a."

Na sayi sakata ƙatuwa da kwaɗo biyu, ni zan kafa su da hannuna. Yarinyar ta ce ba sai na wahalar da kaina na raka ta ba. Na ce dole ne, ai nas ce ta ce in dawo.

"Amma Baba, layi za ka bi fa."

"Zan bi. Ke dai in mun shiga, ki kira ni Malam."