Baƙin Allon Yaya Fumika

Ni mai furannin nan nake so. Tun daga bakin ƙofa na hango shi rataye a bangon shago, allon zamiya fari tas, an zana masa reshen fure ja daga hanci har wutsiya. Da na sauko da shi, sai na ji ba nauyi ko kaɗan, kamar faifai.

"Mayar da shi, amarya," in ji Yaya Fumika, yayar mijina kuma mai shagon. Abincin rana take ci a bayan kantar shagon, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wannan na 'yan birni ne masu zuwa ɗaukar hoto."

Tatsuro ya auro ni ne daga Kagoshima, inda ba mu san ƙanƙara ba sai ta cikin firij, ya kawo ni ƙauyensu na gindin dutse a Hokkaido. Na koyi zamiya a kan hanyoyin da inji ke bajewa kowace safiya, har na daina faɗuwa, na iya juyawa hagu da dama ba tare da na yi ihu ba. Amma shi ba nan yake bi ba. Sai ya shige ta ƙofar da masu sintiri ke buɗewa, ya ɓace cikin kurmi, ya dawo da yamma gira ta yi fari fat, yana murmushin da ba ni na sa shi ba. Na karanta labaran masoya masu bin juna har ƙarshen duniya, na yi kuka a kansu ba adadi. Ƙarshen tawa duniyar ga shi nan a bayan wata 'yar ƙofa, me zai hana in bi shi?

Yaya Fumika ta janyo wani baƙin allo daga ƙarƙashin kantar, ba zane ba ado. Ta tsayar da shi a kan wutsiya, ta danna tsakiyarsa da tafin hannu, ya lanƙwasa kaɗan ya dawo.

"Duba hancin, da faɗi, ya ɗaga sama, ba zai nutse miki ba. Ƙarfen gefen ya zagaye shi kaf. Mai tauri sosai zai yar da ke, mai laushi kuma kurmi zai karya shi tun kafin bazara. Wannan tsaka-tsaki ne, irinki."

"Haba Yaya, ai ya yi muni."

"Ƙanena kyau ne da shi? Ba ga shi kin ɗauka ba."

"Ina ji fa," in ji Tatsuro daga wajen takalma.

"Don ka ji na faɗa."

Muna cikin dariya sai ta ɗauki tsinken cin abincinta ta soka shi a tsaye tsakiyar shinkafar, abin da a al'adarmu ba a yi sai a gaban gawa. Tsigar jikina ta tashi. A shagon nan ba wanda ke fita da allon kurmi sai ya ga wannan.

"Bishiya ce wannan," ta ce. "Rassanta suna tare ƙanƙara, sai gindinta ya zama rijiya, bakin a rufe, ba ka gani. Mai faɗawa da ka yake faɗawa. Kada ki ja ƙafarsa. Kada ki tsaya ta sama, ƙara binne shi za ki yi. Ki zagaya ta gangare, ki tona ta gefe, ki nemi fuska. Kuma kowa da shebur ɗinsa a jakarsa. Kowa. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Ranar da muka hau, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Bayan ƙofar akwai ɗan hawa da ƙafa, baƙin allon kuwa nauyi gare shi. Ina haki, jakar tana cin kafaɗata. Tatsuro ya tsaya ya dube ni.

"Kotone, juyo." Ya zuge jakata, ya zare shebur ɗin ya cusa a tasa. "Na riƙe miki har mu sauka. Kada dai ki gaya wa Yaya, kashe ni za ta yi."

Ya kakkaɓe mini hula. Na ji wani daɗi har cikin ƙashina. Na ce a raina, ga soyayya, ba ta littafi ba.

A kurmi ba a ganin juna, shi ya sa ake kira. Na gaba ya ce "hoo", na baya ya amsa. Haka muka gangara tsakanin manyan itatuwan todomatsu masu rassa har ƙasa. Allon ya ɗauke ni sama-sama kamar kwalekwale, ƙanƙara mai laushin gari tana tashi har ƙirjina. "Hoo!" in ji shi. "Hoo!" in ji ni, ina dariya ni kaɗai.

Can sai na lura na daɗe ban ji shi ba.

"Hoo!"

Shiru.

"Tatsuro! Ban son irin wannan wasan!"

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Ƙanƙara ta shanye muryata kamar na yi magana cikin matashin kai. Wani reshe ya saki abin da ya ɗauka, tim, na zabura. Na bi sawun allonsa a hankali, layi ɗaya mai kyau yana lanƙwasa tsakanin itatuwa, har ya nufi wata babbar bishiya. Bai fito ta ɗaya gefen ba.

A ƙarƙashin rassan na ga wani abu rawaya a kwance. Cikin allonsa ne, yana kallon sama. Yana motsi.

Wayyo ni. Saura kaɗan in miƙe kai tsaye zuwa gare shi ta sama. Tsinken nan a cikin shinkafa ne ya faɗo mini a rai. Na karkata, na zagaya ta gangare, na kwance maɗauran ƙafa. Ina sauka daga kan allon na nutse har ƙugu. Na fizgo jaka na zuge ta. Dunƙulen shinkafa biyu, safar hannu, usur.

Shebur ɗina yana bayansa. Yana can ƙasa tare da shi.

Na ciro waya, ba sabis. Na hura usur har kunnena ya yi ƙara, na jefar. Na shiga tono da hannu kamar kare, amma ina kwashewa tana zubowa, gari ne kawai, ba ya tsayawa. Ina kuka ina kiran sunansa, hawayen suna daskarewa a gashin idona. Allon rawayan ya yi wata girgiza mai ƙarfi, ya sake wata 'yar ƙarama. Daga nan bai ƙara ba.

Ban san lokacin da na ɗauki baƙin allon ba. Na kama maɗauran biyu, na soka faffaɗan hancin, na kwashe, na watsa ta gangare. Na soka, na kwashe. Abin da hannu bai iya ba, shi sau ɗaya yake ɗebe shi. Numfashina yana ƙona mini maƙogwaro. Ina ta magana, ban san me nake cewa ba, ina roƙonsa, ina zaginsa, ina yi masa alkawuran da ban tuna ba yanzu.

Sai hancin ya daki abu mai tauri. Ɓawon ƙanƙara ne da ya daskare, da wani reshe a binne ya gitta hanya. Na ɗaga allon da hannu biyu na sara. Na sake sarawa. Na ji ƙas! Na ce shi ke nan, allon ya karye, na kashe mijina. Na duba. Reshen ne ya karye.

A bayansa ga jan ƙyallen jaka. Na yar da allon na koma hannu. Kafaɗa. Wuya. Haɓa. Fuskarsa tana kallon ƙasa, leɓɓansa sun yi shuɗi, bakinsa cike taf. Na cire safa na sa yatsu na ƙwaƙule, na tallabo kansa na juyo da fuskarsa sama, na hura masa iska, ina jin sanyin leɓensa kamar ƙarfe.

"Tatsuro. Don girman iyayenka. Tatsuro."

Ba komai. Dusar ƙanƙara tana sauka a kan idonsa rufaffe, ba ta narkewa.

Sai ƙirjinsa ya yi tsalle. Ya yi wani tari mai muni, muryar da ban taɓa jin mai daɗinta ba a duniya. Ya ja iska, ya sake ja, idonsa ya buɗe bai san inda yake ba. Na riƙe fuskarsa. Can daga sama na ji wani usur yana amsa nawa. Masu sintiri ne.

Kwana biyu bayan haka muka shiga shagon, shi yana ɗingishi. Labari ya riga mu. Yaya Fumika ba ta gaishe mu ba. Ta karɓi baƙin allon ta ɗora a kan kantar, ta bi hancin da babban yatsa. Ƙarfen ya lotsa wuri biyu, fenti ya kware, amma ko tsaga babu.

"Da wannan kika tona?"

"Da shi, Yaya."

"Shebur ɗinki fa?"

Na sunkuyar da kai. Tatsuro ya yi gyaran murya. "Yaya, ni ne na..."

"Rufe mini baki, kai da aka tono kamar dankali."

Ta ɗauko magagari za ta gyara lotsewar. Ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta bar shi a nan, ta zagayo, ta cafki wuyan rigar ƙanenta kamar za ta mare shi, ta kifa goshinta a ƙirjinsa tana sauraro.

Ni ma na yi shiru ina sauraro. Numfashinsa yana shiga, yana fita.