Sunan Ɗantsoho

"Ma'alish, ya madam, yana barci," in ji Tarig da Larabci, ya tokare ƙofa da kafaɗa.

Barcin me? Ina jin tarin tsohon daga ƙuryar ɗaki. Karo na uku ke nan a kwana biyu da na sauko daga hawa na huɗu da takarda a hannu, ɗan nan yana mayar da ni kamar mai tallan da ba a so.

Baba Khalilu, uban Tarig, maƙwabcinmu ne a unguwar Hay el-Sabi' a nan Misra, gidansu na ƙarƙashin namu. Yaƙi ne ya koro su daga Khartoum. Ranar da ya ji ina yi wa mijina magana da Hausa a matakala, sai ya tsaya cak, ya ce, "'Yata, sake faɗa in ji." Tun daga nan na zama Rahamatun Baba. In na yi miyar kuka sai na kai masa, shi kuma ya biya ni da labari.

Labarin ɗaya ne kullum. Kakansa ya bar wani ƙauyen manoma, Kanyar Maje, da ƙafa zai tafi hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, ya zauna har ya mutu. Kowa Ɗantsoho yake ce masa, don shi ma sunan nasa kakan ya ci. Matarsa kuwa, irin matan da, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan miji ba. 'Ya'ya ma ba sa faɗin sunan uba. Da haka kunya ta haɗiye sunan mutum sukutum.

"Akwai wata Baturiya 'yar Scotland da na taɓa yi wa direba," in ji shi. "Ta nuna mini takardar ƙidayar ƙauyensu. Ga kakan kakanta, manomi, da sunansa, da na matarsa, har da na baran gidan. Ni kuwa in zan yi wa nawa addu'a sai in ce, Allah Ka jiƙan Ɗantsoho. Zol guda, mutum mai gemu, har yanzu ɗan tsoho."

Yana dariya ya faɗa, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Na roƙi yayana Jibrin da ke karatun tarihi a Zariya ya binciko mini sunan. Wata bakwai yana tonon tsoffin littattafan ƙidayar magidanta a Kaduna, sai ga hoto ya turo. Shafi ne da ajami, gara ta ci gefensa. A layi na tara an rubuta: Haruna ɗan Badamasi, ana ce masa Ɗantsoho, ya tafi gabas da matarsa. Na kai aka buga mini a takarda, a daidai lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba.

Amna, ƙanwar Tarig, ita ta tona mini asirin a wurin shanya. Yayanta na neman aure, kuma ya gaya wa dangin yarinyar cewa su Larabawan Shendi ne gaba da baya. Surukan suna ta zuwa dubiya, shi ya sa ba ya son a ji ko "sannu" a gidan. Wai Hausa abin kunya ce. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mutum ya goya ka, ya fito da kai daga cikin harsashi, kai kuma ka rufe masa baki saboda baƙi masu shan shayi.

Da Tarig ya mayar da ni karo na ukun nan na hau sama, ban ko cire mayafi ba. Tagar kicin ɗina na kallon manwar, wato ramin iskan da ke tsakiyar bene, tagar ɗakin Baba kuma na ƙasa da ita. Ni da ko mijina ban cika ɗaga wa murya ba, na leƙa tsakanin bututan ruwa na buɗe maƙogwaro.

"Baba! Rahamatu ce. An samo shi. Haruna ɗan Badamasi!"

Wata Bamisriya a hawa na shida ta leƙo ta ce, "Fi eh?" wato mene ne. Ban kula ta ba. Na ji an ja kujera a ƙasa, na ji Tarig yana ba baƙinsa haƙuri da Larabci, wai wata 'yar Afirka ce mai taɓin hankali. Sai ka ce shi daga sama ya faɗo.

Can sai murya ta taso a hankali, da ƙyar.

"Haruna?"

"Haruna, Baba. Yana cikin littafin. Layi na tara."

"Haruna," ya ce. "Kwayyis, ya yi kyau. Allah Ya yi miki albarka, 'yata."

Sai aka rufe tagar da ƙarfi.

Washegari bayan azahar Baba ya cika. A zaman makoki Tarig ya yi ta jero wa mutane wata nasaba da ban san inda ya aro ta ba, surukansa suna gyaɗa kai. Na yi gaisuwa da Hausa da gangan, na tashi na fita.

Ranar sadakar uku Amna ta hawo wurina. Ta ce daga lokacin da na yi kiran har numfashinsa ya tsaya, addu'a yake ta yi wa mutum ɗaya, da sunansa. Ta tambaya ko takardar na nan. Na miƙa mata. Ba ta saba da Hausa a rubuce ba, sai ta zauna a bakin gadona, ta ɗora yatsa a kan shafin, tana ƙirga layukan daga sama.